KYANWA DA LAFIYAR GIDA: ABIN DA BINCIKEN LIKITOCIN DABBOBI YA GANO

Gabatarwa

Da wuya mutum ya ratsa unguwa a ƙasar nan, birni ko ƙauye, bai ga kyanwa a kan katanga ko a gindin rumbu ba. Wasu na kiranta mage, wasu kuliya, wasu mussa, namijinta kuwa shi ne muzuru. Amma duk da yawanta da amfaninta, ita ce dabbar da aka fi mantawa da ita idan ana zancen kiwon lafiyar dabbobi. Mai shanu yakan kai garkensa wurin allura, mai kaji yakan nemi magani da zarar ciwo ya shigo akurki, amma idan kyanwa ta kwanta, sai a zuba mata ido: in ta tashi, to, in ta mutu, a jefa ta a juji.

Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa jama'a abin da likitocin dabbobi da masana kimiyya suka gano game da lafiyar kyanwa da cututtukanta, a nan Nijeriya da sauran ƙasashen duniya. Jigon maganar kuwa ɗaya ne. Kyanwa tana kwana inda muke kwana, tana shiga madafa da ɗakin ajiya, yara suna wasa da ita, sa'an nan da dare ta fita farautar ɓera da jaɓa da tsuntsaye. Saboda haka lafiyarta da lafiyar iyali a haɗe suke, kuma kula da ita wani ɓangare ne na kula da gida.

Misalin Garin Karshi

Domin a fahimci darasin sosai, bari mu ɗauki garin Karshi ya zama misali. Karshi tsohon gari ne na Gwandara, yana cikin Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja, daf da iyakar Jihar Nasarawa. Mai zuwa daga Nyanya yakan bi ta Karu da Jikwoyi da Kurudu da Orozo kafin ya isa. Tun da aka kafa Yankin Babban Birnin Tarayya a 1976, musamman kuma bayan da Gwamnatin Tarayya ta ƙaura daga Ikko, watau Legas, a watan Disamba na 1991, jama'a suke ta ƙaruwa a garuruwan da ke kewaye da Abuja. A Karshi a yau za ka sami manomi mai rumbun dawa da masara yana maƙwabtaka da ma'aikacin gwamnati da ɗan kasuwa mai shagon kayan abinci.

Duk inda mutane suka yawaita, hatsi ya taru, shara ta taru, to, ɓera ya sami wurin zama. Ɓera kuwa, bayan ɓarnar hatsi, yana ɗauke da cuta. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu, wani irin ɓera ne mai nonuwa da yawa yake yaɗa shi ta hanyar fitsarinsa da kashinsa, kuma ya fi tsananta da rani. Cikin hanyoyin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ambata na rage ɓera a gida akwai rufe abinci, da nisantar da shara, da tsabtace muhalli, da kuma ajiye kyanwa. Ke nan magidanci a Karshi yana da kyakkyawan dalili na ajiye ta. Abin da ya rage shi ne ya san yadda zai kiyaye lafiyarta, domin kada mai gadin rumbu ta koma mai shigo da ciwo. Abin da ya shafi Karshi kuwa ya shafi Kano da Sakkwato da Makurdi da kowane gari mai tasowa.

Asalin Kyanwa

Zaman kyanwa da ɗan Adam tsoho ne ƙwarai. A 2004 masu tonon kayan tarihi suka bayyana wani kabari a tsibirin Kubrus, mai kimanin shekara 9,500, inda aka binne mutum da kyanwa kusa da juna. A 2007 kuma aka buga sakamakon wani bincike da aka yi a kan ƙwayoyin halittar kyanwoyi kusan 1,000, wanda ya nuna cewa kyanwar gida ta samo asali ne daga kyanwar daji ta Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya. Masana sun fahimci cewa rumbu ne ya haɗa mu: manomi ya tara hatsi, ɓera ya biyo hatsi, kyanwa ta biyo ɓera. Mutanen Masar na dā sun girmama ta matuƙa. A tarihin Musulunci ma, sahabin nan Abu Huraira ya sami laƙabinsa ne daga 'yar kyanwar da yake tare da ita. Sanin wannan asali yana da amfani ga mai kiwo, domin ya nuna cewa kyanwa mafarauciya ce mai cin nama, kuma jikinta ya sha bamban da na kare da na mutum, kamar yadda za mu gani a gaba.

Inda Ake Binciken a Ƙasarmu

Babbar cibiyar wannan aiki ita ce Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924. Aikinta na farko shi ne yaƙi da bushiya, annobar shanun da ta talauta makiyaya, wadda a 2011 aka bayyana cewa an kawar da ita daga duniya baki ɗaya. Da tafiya ta yi nisa, aikin Vom ya faɗaɗa zuwa gano cututtuka da haɗa allurar rigakafi ga dabbobi iri-iri. Bayan Vom, akwai tsangayoyin koyar da likitancin dabbobi a jami'o'i, kamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da ta Badun, da ta Nsukka, da ta Maiduguri, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato. Jami'ar Abuja ma tana da tata tsangayar da asibitin koyarwa na dabbobi a Gwagwalada, a cikin yanki ɗaya da Karshi. A 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman domin bunƙasa kiwon dabbobi.

Yaya ake yin binciken? Yakan fara ne daga dabba guda da aka kawo asibiti. Likita zai duba idonta da bakinta da fatarta, ya auna zafin jikinta, wanda ga lafiyayyar kyanwa yake tsakanin digiri 38 da 39 ko ɗan sama kaɗan. Sa'an nan ya ɗebi jini ko kashi ko ɗan gashi, a duba a madubin likita mai girmama ƙananan abubuwa. Idan dabbar ta mutu, a feɗe ta a ga abin da ya kashe ta. Ana rubuta kome a littafi. Idan rubuce-rubucen suka taru daga garuruwa da yawa, sai a san wace cuta ce ta fi yawa, a wane lokaci na shekara, da kuma hanyar da take bi. Ke nan kyanwar da ta mutu aka jefar a juji ba ta ƙara wa kowa sani ba, wadda aka kai asibiti kuwa, ko ta rayu ko ta mutu, ta taimaki al'umma.

Ciwon Hauka

Cuta mafi haɗari ita ce wadda muke kira ciwon haukan kare. Sunan yana ruɗar mutane, domin cutar tana kama duk dabba mai shayarwa, har da kyanwa da saniya da jaki da mutum. Ƙwayar bairas ce da ke cikin yawun dabbar da ta kamu. Tana shiga ta cizo, ko ta yakushi da lasar rauni, ta bi jijiya har ƙwaƙwalwa. Da zarar alamu sun bayyana ga mutum, kusan ba a tsira. An ƙiyasta cewa tana kashe mutum kimanin 59,000 a duniya kowace shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya. Kusan dukkansu ta hanyar kare suke kamuwa, amma kyanwar da ke yawo takan gamu da mahaukacin kare, ta kamu, ta dawo gida.

Louis Pasteur na Faransa ne ya fara yi wa mutum allurar wannan ciwo cikin nasara a 1885. A Vom an fara haɗa allurar rigakafinsa domin karnuka a 1956. Bincike ya nuna cewa irin wannan tsohuwar allura, mai rayayyar ƙwaya da aka raunana, ta fi ƙarfin kyanwa, har tana iya jawo mata ciwon, don haka aka tanadar mata wadda aka ƙara raunanawa. A yau akwai allurai masu matacciyar ƙwaya da suka dace da kare da kyanwa duka, amma likita ne ya san wadda za a yi. Akan fara ta idan kyanwa ta kai wata 3, a riƙa maimaitawa yadda likita ya tsara.

Nijeriya tana da babban matsayi a tarihin binciken dangin wannan cuta. A 1956 aka gano wata ƙwaya 'yar uwarta a jikin jemagu a tsibirin Ikko. A 1968 kuma masana a Jami'ar Badun suka gano wata a jikin jaɓa, aka sa mata sunan unguwar Mokola. Daga baya an sami ƙwayar Mokola a jikin kyanwoyi a Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Habasha, wasu ma daga cikinsu an riga an yi musu allurar haukan kare. Irin wannan ba ya faruwa sau da yawa, amma yana koya mana abu biyu: kyanwa takan ɗauko cuta daga abin da take farauta, kuma ko an yi mata allura, idan halinta ya sauya ba zato, wajibi ne a sanar da likita.

Alamun sun haɗa da sauyin hali, da kai hari ba dalili, da dalalar yawu, da sauyin murya, da shanyewar ƙafafun baya. Akwai kuma mai yin lamo a lungu ta kasa haɗiya. Bahaushe yakan ce kyanwar Lami, ba cizo ba yakushi; to, idan irin wannan kyanwa mai sanyin hali ta wayi gari tana cizo, kada a ɗauke shi wasa. Duk wanda ta ciza ko ta yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar, ba tare da an jira ganin alama ba. Ita kuma a killace ta kwana 10 a ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi. Idan ta mutu ko an kashe ta, kada a fasa kanta, kada kuma a taɓa ta da hannu tsirara, domin a ƙwaƙwalwa ne ake gwajin da ke tabbatar da ciwon. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara, tun 2007, ita ce ranar yaƙi da wannan cuta a duniya.

Cutar da ke Shafar Masu Juna Biyu

Cuta ta biyu ana kiranta tokzofilasma. Masana biyu, Charles Nicolle da Louis Manceaux, suka gano ƙwayarta a 1908 a Tunis, a jikin wata ƙaramar dabba mai kama da ɓera. An yi shekara fiye da 60 ana neman yadda take yaɗuwa, sai a 1970 aka tabbatar cewa a hanjin kyanwa da danginta kaɗai ƙwayar ke kammala rayuwarta ta fitar da ƙwai. Kyanwa takan kamu idan ta ci ɓera ko tsuntsu ko ɗanyen nama mai ɗauke da ƙwayar. Sai ta riƙa zubar da ƙwan a kashinta na mako 1 zuwa 3, yawanci ba tare da ta nuna alamar ciwo ba. Ƙwan yana iya yin watanni da rai a ƙasa mai damshi.

An ƙiyasta cewa kusan sulusin mutanen duniya sun taɓa kamuwa, kuma yawancinsu ba su ma sani ba. Haɗarin yana kan mutum biyu: mace mai juna biyu da ta kamu a karo na farko, domin cikin na iya zubewa ko a haifi jariri da lahani a ido ko ƙwaƙwalwa, da kuma wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Ga masu kiwo kuma, cutar tana sa tumaki da awaki ɓari idan kashin kyanwa ya gurɓata dusa ko harawa ko ruwan shansu.

Binciken ya zo da albishir. Ƙwan da aka zubar ba ya iya kama mutum sai ya yi kwana 1 zuwa 5 a waje. Saboda haka kwashe kashin kyanwa kullum yana toshe hanyar. Bugu da ƙari, mutane da yawa suna kamuwa ne ta cin naman da bai dahu ba, da ganyen da ba a wanke ba, da gurɓataccen ruwa. Ke nan ba sai an kori kyanwa daga gida don matar gida ta sami ciki ba. Abin da ake bukata shi ne wani ya ɗauke mata aikin kwashe kashin, ta wanke hannu bayan aikin lambu ko yankan nama, a tabbata tsire da balangu sun gasu har ciki, a kuma rufe yashin da yara ke wasa a kai.

Cututtukan da Suka Keɓanta ga Kyanwa

Akwai cututtukan da ke kashe kyanwa amma ba su kama mutum. Ta farko ita ce annobar amai da zawo ta 'yan kyanwa, wadda masana a Faransa suka tabbatar a 1928 cewa bairas ke kawo ta. Tana cinye fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki, tana iya gamawa da 'ya'yan ciki guda cikin 'yan kwanaki, kuma ƙwayarta na iya yin shekara guda a ɗaki ko a kwano. Allurar rigakafinta tana da inganci ƙwarai. Akan fara ta daga mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako 3 ko 4 har 'yar kyanwa ta kai mako 16. Yawanci allura ɗaya ce ke haɗe da rigakafin murar kyanwa, mai sa atishawa da kwantsa da gyambon baki.

Ta biyu ita ce bairas mai jawo sankarar jini, wadda William Jarrett ya gano a Jami'ar Gilasgo a 1964. Tana yaɗuwa ta yawu, wajen lasar juna da cin abinci a kwano ɗaya. Ta uku kuwa Niels Pedersen da Janet Yamamoto suka gano ta a Kalifoniya ta Amurka a 1986. Tana karya garkuwar jikin kyanwa kamar yadda ƙanjamau ke yi wa mutum, kuma ta fi yaɗuwa ta cizo tsakanin muzurai masu faɗa. A nan sai a natsu: wannan ƙwaya ba ta kama ɗan Adam, kuma kyanwar da ke ɗauke da ita tana iya yin shekaru cikin lafiya idan ana kula da ita.

Ta huɗu cuta ce mai tara ruwa a ciki ko a ƙirji, wadda a dā duk kyanwar da ta kamu da ita kusan an yanke ƙauna. A 2019 aka buga sakamakon gwajin wani sabon magani da ya warkar da mafi yawan waɗanda aka gwada shi a kansu. Wannan shaida ce cewa bincike ba aikin banza ba ne: ciwon da jiya ba shi da magani, yau an samo masa.

Tsutsar Ciki, Ƙuma da Makero

Waɗannan su ne matsalolin yau da kullum. Tsutsar ciki takan shiga 'yar kyanwa ta nonon uwa ko ta cin ɓera, ta sa mata kumburin ciki da rama. Ƙwan tsutsar yana zama a ƙasa, kuma yaro mai rarrafe da ke kai ƙasa baki yana iya haɗiye shi. Ƙuma tana shan jini, tana ɗauke da tsila, tana kuma yaɗa wata ƙwaya tsakanin kyanwoyi wadda ke sa wa mutum kaluluwa da zazzaɓi bayan yakushi. Makero kuwa yana cinye gashi a zagaye, kuma yana saurin tsallakawa daga kyanwa zuwa kan yara. Dukkansu suna da magani mai sauƙi a wurin likitan dabbobi. Idan aka ga makero a kan yaro kuma akwai kyanwa a gidan, a yi wa su biyun magani, in ba haka ba zai riƙa dawowa.

Murar Tsuntsaye

A watan Fabrairu na 2006 aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye mai tsanani a wata gonar kaji a Jihar Kaduna, wanda shi ne karo na farko a Afirka. Tun 2004 aka san cewa kyanwa tana kamuwa da wannan mura idan ta ci tsuntsun da ya kamu. An ga haka a Tailan, an gani a Jamus a 2006, da Folan a 2023. A 2024 kuma kyanwoyi sun mutu a gonakin shanu a Amurka bayan sun sha ɗanyar madarar shanun da suka kamu. Tun da kiwon kaji ya yawaita a kewayen Abuja da sauran birane, kada a jefa wa kyanwa kazar da ta mutu da kanta. A binne mushen da zurfi, a sanar da ma'aikatan lafiyar dabbobi.

Abinci da Guba

Mun ambata cewa jikin kyanwa daban yake. A 1975 bincike ya nuna cewa akwai wani sinadari mai suna tawurin, wanda ake samu a nama da kifi, kuma rashinsa yana makantar da kyanwa. A 1987 aka ƙara gano cewa rashinsa yana raunana zuciyarta. Kare yana iya haɗa wannan sinadari a jikinsa, ita kuwa ba ta iya haɗa wanda zai ishe ta. Don haka tuwo da kunu kaɗai ba su riƙe ta. A ba ta dafaffen nama ko kifi ko ƙwai, da ruwa mai tsabta kullum. Zaton cewa sai an bar ta da yunwa za ta kama ɓera kuskure ne, domin farauta ɗabi'arta ce, kuma mai ƙarfi ta fi mai rama iya kamu. Madara ma takan sa babbar kyanwa zawo.

Hantar kyanwa ba ta iya sarrafa wasu magunguna. Ƙwayar farasitamol guda ɗaya tana iya kashe ta. Maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fametirin yana sa ta karkarwa da farfaɗiya. Albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini. Fiya-fiya da kananzir da baƙin mai, waɗanda wasu ke shafa wa dabba don kashe ƙwari, guba ne a gare ta, domin da harshe take wanka. Haka kuma shinkafar ɓera: ɓeran da ya ci guba yana layi, shi ne mafi sauƙin kamu, sai gubar ta koma cikin kyanwar. Wanda ya ajiye kyanwa sai ya dogara da tarko da toshe ramuka da rufe hatsi.

Abin da Ake Bukata Daga Kowane Magidanci

1. A kai kowace kyanwa asibitin dabbobi a yi mata allurar haukan kare da ta amai da zawo, a adana katin shaida.

2. A riƙa ba ta maganin tsutsa da na ƙuma bisa shawarar likitan dabbobi, kada a ba ta maganin mutum ko na kare.

3. A tanadar mata wurin bahaya da yashi, nesa da madafa da abincin dabbobi, a kwashe kullum, a wanke hannu da sabulu.

4. A nemi likita ya yi wa muzuru dandaƙa, macen kuma a yi mata aikin hana haihuwa idan ba a bukatar 'ya'ya. Cikin kyanwa kimanin mako 9 ne, tana iya haihuwa fiye da sau ɗaya a shekara, kuma 'ya'yan da ake zubarwa a kasuwa da juji su ne ke yawo ba allura ba kulawa.

5. A koya wa yara kada su ja wutsiyar kyanwa, kada su taɓa baƙuwa ko marar lafiya, kuma su faɗa wa manya duk lokacin da aka cije su ko aka yakushe su, ba tare da tsoron duka ba.

6. Idan kyanwoyi ko karnuka ko kaji suka fara mutuwa a unguwa, a gaya wa mai unguwa da ofishin lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma nan da nan.

Tambayoyi Domin Bita

Malaman makarantu da na azuzuwan yaƙi da jahilci suna iya amfani da waɗannan. Wace shekara aka kafa cibiyar Vom, kuma mene ne aikinta na farko? Mene ne matakai uku da za a ɗauka idan kyanwa ta ciji mutum? Me ya sa kwashe kashin kyanwa kullum yake kare mai juna biyu? Ambaci abubuwa huɗu da ke zama guba ga kyanwa.

Kammalawa

Masana sun yi nasu aikin, daga Tunis zuwa Gilasgo, daga Badun zuwa Vom, kuma suna ci gaba. Amma likita ba zai iya bincika dabbar da ba a kawo masa ba, allura kuma ba ta da amfani muddin tana ajiye a firij. Saura ya rage ga magidanci a Karshi da takwarorinsa a duk faɗin ƙasar nan. Kuɗin allurar kyanwa ɗaya bai kai ɗawainiyar jinyar yaron da aka ciza ba, balle asarar rai. Muna roƙon sarakuna da hakimai da masu unguwanni da limamai da malamai su isar da wannan saƙo ga jama'arsu, wanda ya karanta kuma ya karanta wa wanda bai iya ba. Rigakafi ya fi magani.